In Wutar Tanderu Ta Mutu: Jawabina Ga Matasan Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa A Taron Ƙetare



Shugaban wannan taro, iyayenmu dattawan jam'iyya, iyayenmu mata, shugabannin mazaɓu, 'yan'uwana matasa da kuka taso tun daga Sabuwa da Faskari da cikin garin Ƙanƙara, sannunku da zuwa Ƙetare. Na san halin da hanya take ciki, na san wasu sai da suka jira gari ya waye sosai kafin su kamo hanya. Allah Ya mai da kowa gidanshi lafiya.

An ce in yi magana a kan rashin aikin yi. Na ce to, amma ina roƙon a bar ni in biyo ta hanyar da na sani, wato ta gilashi. Na ga wasu sun yi murmushi, halan suna cewa me ya haɗa mutumin Ƙetare da gilashi. Ku ba ni ɗan lokaci.

Da na gama difiloma na yi ta yawo da takarda a cikin ambulan har gefenta ya fara cinyewa. Da na ga zaman ba ya yi, sai na tafi Kano na shiga shagon wani bawan Allah mai aikin alminiyom, masu yin taga da ƙofa da kantar shago. A nan na koyi yankan gilashi, ga tabon nan a hannuna ku gani. Mu tara ne a shagon. Abin da ya fara ɗaure mani kai shi ne, duk akwatin gilashin da muka buɗe, rubutun jikinshi na wata ƙasa ne, mafi yawa na Sin. Daga can ya hau jirgin ruwa zuwa Legas, daga Legas ya hau tirela zuwa Kano. Rannan na tambayi maigidana, na ce, "Maigida, wai shi gilashin nan da me ake yin shi ne da ba za mu iya ba?" Ya yi dariya ya ce, "Yashi ne fa, yashin da kake takawa."

A shekarar 2023 aka cire tallafin mai a watan Mayu, aka saki naira a watan Yuni. Kuɗin gilashi ya yi ta hawa saboda da dala ake sayo shi. Masu gini suka dakata, mai son taga shida ya koma biyu, sauran ya liƙa langa-langa. Wata Asabar maigida ya tara mu, ya ce uku kawai zai iya riƙewa. Ina cikin shidan da suka tattara kayansu. Ban riƙe shi da komai ba, don na ga idonshi lokacin da yake faɗa. Na dawo gida da tambayar nan a raina: in yashi ne, me ya hana mu?

Na bi tambayar, na tambayi waɗanda suka karanci abin, domin a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashe guda da ake koyar da ilimin gilashi. Ga abin da na fahimta. Ana haɗa farin yashi mai tsabta, da wani sinadari dangin kanwa, da dutsen da ake siminti da shi, a ƙara fasassun kwalabe saboda suna saurin narkewa. Sai a zuba a tanderu mai zafin da ya kai awo 1,500 a ma'aunin salshiyos. Ruwa a 100 yake tafasa, ku kwatanta. Duk kayan nan muna da su a Arewa. Akwai farin yashi a wajajen Zango da Ɓaure a cikin jiharmu, akwai kanwa a Borno da Yobe, dutsen siminti kuwa ga shi nan a Sakkwato da Gombe. Ko sana'ar ma ba baƙuwa ba ce, don Nufawan Masaga a Bida sun daɗe suna narka gilashi suna yin duwatsun wuya da awarwaro tun kafin zuwan Bature.

To ina matsalar take? Tana cikin tanderun. Shi tanderun gilashi in aka kunna shi ba a kashewa. Dare da rana yake ci, ranar Juma'a da ranar Sallah, shekara goma ko fiye. In wuta ta ɗauke ya huce, narkakken gilashin da ke ciki sai ya daskare ya zama dutse, bulon da aka gina shi da shi ya tsattsage. Ko dumama sabo kafin a fara aiki yana ɗaukar kwanaki da dama. Saboda haka duk wanda zai kafa irin wannan masana'anta, tambayarshi ta farko ita ce: wa zai ba ni makamashin da ba zai yanke ba har shekara goma, a kan farashin da zan iya?

Ku dubi abin da ya faru a cikin ƙasar nan. A Igbokoda ta Jihar Ondo an kafa kamfanin Oluwa Glass, saboda Allah Ya zuba masu yashi mai kyau a wurin. Jama'a da yawa sun ci abinci a cikinshi. Daga baya ya tsaya cak, ciyawa ta rufe injinan, yankin ma ya shafe shekaru babu wutar lantarki. Yashin yana nan bai ƙare ba. A gefe guda kuma kamfanin Beta Glass yana ta buga kwalabe a Agbara ta Jihar Ogun da Ughelli ta Jihar Delta, domin yana zaune inda iskar gas take, ga kuma masu lemo da masu magani suna jiran kwalba a bakin ƙofa. Ƙasa ɗaya, sana'a ɗaya, wani ya rayu wani ya mutu. Bambancin shi ne makamashi da mai saye da kuma yadda aka riƙe amanar wurin.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ke samu. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi, gas ya yi tsada a Turai. A Faransa akwai kamfanin Duralex mai yin kofunan gilashi, wanda ya shekara fiye da saba'in yana aiki. A watan Nuwamba na shekarar suka dakatar da aiki na wata biyar saboda kuɗin makamashi, amma ba su bar tanderun ya huce ba, sun rage wutar ne kawai suna lallaɓa shi. Gwamnatinsu ta ba su rance suka dawo aiki. Da kamfanin ya sake durƙushewa a 2024, ma'aikatan ne da kansu suka haɗa ƙungiyar gama-kai suka je kotu suka karɓi kamfanin. Ku riƙe wannan, zan dawo kanshi.

Yanzu mu dawo gida. Mu a nan ba mu taɓa samun masana'antar gilashi ba, amma muna da 'yar'uwarta. Duk wanda ke wurin nan ya san farar ƙasar Ƙanƙara, wadda masana ke kira kawolin. Da ita ake yin tangaran da tayil da kwanon bayan gida, tana shiga fenti da alli da takarda, tana shiga magani, ana yin bulon tanderu da irinta. Ɗaliban kimiyya a Zariya sun yi rubuce-rubucen bincike a kanta har sunan Ƙanƙara ya shiga mujallun ƙasashen waje. Tun ina ƙaramin yaro gwamnatin jiha da hukumar tarayya mai binciken albarkatun masana'antu, wato RMRDC, suka kafa masana'antar tace ta a Ƙanƙara, da nufin a fitar da mai kyau wadda masu haɗa magani za su saya. Dattawan da ke zaune a gaba sun fi ni sanin irin murnar da aka yi. Sun kuma fi ni sanin shekarun da wurin ya shafe a kulle.

Me muke gani tun daga nan? Yaranmu su shiga rami da diga da shebur, su haƙo, su cika buhu, a loda a mota a tafi da ita ɗanya. A can a wanke ta, a niƙa, a gasa, ta dawo mana a matsayin tayil da fenti mu saya da tsada. Mai haƙa ya samu na tuwon dare, in rami ya rufta kuma iyayenshi su samu gawa. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi. Manyan masu yin tayil ɗin suna Ogun da Kogi, kusa da bututun gas, dalili ɗaya da na masu kwalba.

Haka labarin audugarmu yake. Faskari da Sabuwa da Funtuwa da Malumfashi ƙasar auduga ce. A 1957 gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar KTL a Kaduna, a 1964 UNTL ta biyo baya, Kakuri ta cika da ma'aikata. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Wutar lantarki ta yi ƙaranci, baƙin man da suke kunna tukunya da shi ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. Baffana ya yi shekara goma sha tara a ɗaya daga cikin masaƙun Kaduna. Duk ƙarshen wata saƙonshi na isowa gidanmu, da shi aka biya mani kuɗin jarrabawa. Da aka sallame su ya dawo Ƙetare da akwati guda da katin shaidar aiki, yana jiran haƙƙinshi har Allah Ya ɗauki ranshi. Mutum ɗaya aka sallama a takarda, amma gida huɗu ne suka ji a tukunyarsu. Ga manomin auduga da ya rasa mai saye, ga direban da ke kai ta, ga mai tuwo a bakin get.

Sannan ku tambayi kanku, yaron da ya kamata a ce yana cikin masana'anta da safe, ina yake yanzu? Wasu suna acaɓa a Legas da gefen Abuja, ana kama masu babura. Wasu suna ramin zinariya a Zamfara da Neja, wasu har Mali. Wasu suna bakin tasha suna jiran lokacin zaɓe a ba su dubu biyu da ƙwaya su zama ƙauraye. Wasu kuma, mu faɗa wa juna gaskiya, sun zama masu kai wa 'yan daji rahoto da burodi da mai. Ban ce talauci hujja ba ne, domin talakawa masu tsoron Allah sun fi yawa. Amma ranar 11 ga Disamba 2020 da aka kwashi ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, duniya ta san sunan garinmu ta hanyar da ba mu so. A 2021 aka yanke mana layin waya, aka rufe kasuwannin dabbobi. Wane mai kuɗi ne zai kawo injin ɗin biliyoyi ya ajiye a inda direbanshi ke tsoron bin hanyar Sheme? Rashin aiki yana ciyar da rashin tsaro, rashin tsaro kuma yana korar mai kawo aikin. Dole a kamo su tare.

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne, don wannan ya shafe mu mu 'yan siyasa. Duk kakar zaɓe ɗan takara zai hau mumbari ya ce, "Zan farfaɗo da masana'antar farar ƙasa!" Mu kuma mu ɗaga hannu mu yi ihu. Ni ma na yi ihun nan, har na riƙe wa mai faɗa lasifika. Ba na cire jam'iyyarmu daga ciki, kuma ina neman afuwar iyayena da ke zaune. Laifinmu matasa shi ne ba mu taɓa tambaya ta biyu ba. Daga yau, duk wanda ya zo neman ƙuri'ar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, namu ne ko na wasu, ya yi wannan alkawari, mu yi mashi tambaya huɗu cikin ladabi.

Ta farko, da wace wuta? A watan Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kan kowane ma'auni. A watan Oktoba na shekarar Arewa ta shafe fiye da mako a duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Da akwai tanderun gilashi da ya dogara da wannan layi, da ya zama dutse. Amma akwai ƙofa biyu a buɗe. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, su samar su rarraba. Sannan akwai bututun gas na AKK, daga Ajaokuta ya bi Kaduna zuwa Kano, tsawon kilomita 614, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinshi ranar 30 ga Yuni 2020, kuma an ɗaga wa'adin gama shi ba sau ɗaya ba. Funtuwa ba ta da nisa da Zariya. Wanda muka tura majalisar tarayya ya gaya mana me ya yi don gas ɗin ya iso yankinmu, ko ta reshen bututu ko ta mota.

Ta biyu, wa zai saya? A nuna mana kamfanin fenti ko na magani ko na taki da ya yarda zai ɗauki tan kaza duk wata, a kan inganci kaza. Masana'antar da ba ta da mai saye kafin a kunna ta, sito ce kawai ake ginawa.

Ta uku, wa zai riƙe? Mun ga yadda ake yi: a naɗa manaja don ya yi wa jam'iyya hidima, a cika ofis da 'ya'yan manya, kuɗin gyaran inji ya bi ta wata hanya. In gwamnati ta sauka, mai zuwa ya ce ba aikinshi ba ne. Muna son a ba wanda ya san aikin, ya zuba kuɗinshi a ciki yadda in ta faɗi zai ji zafi, gwamnati ta tsaya a kan ba da fili da hanya da wuta da tsaro.

Ta huɗu, mene ne rabon gari? Ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya suke, lasisi daga Abuja ake ba da shi. Amma dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfanin da zai yi haƙa ya ƙulla yarjejeniyar ci gaba da al'ummar wurin kafin ya fara. Mutum nawa ne a nan suka taɓa ganin irin wannan takarda? A karanta mana ita da Hausa, mu san yara nawa za a ɗauka, wa zai cike ramin in an gama.

Wanda ya amsa waɗannan, mu bi shi gida-gida mu nema mashi ƙuri'a. Wanda ya ce mu bari sai ya hau, mu gode mashi, mu ba shi ruwa ya sha.

Ba zan yaudare ku in ce gobe za a kafa masana'antar gilashi a Ƙetare ba. Da wutar da muke da ita yau, ba zai yiwu ba, kuma duk wanda ya ce maku zai yiwu, ƙuri'arku yake so. Amma akwai matakin da ya yi daidai da ƙarfinmu. Wanke farar ƙasa, tace ta, shanya ta, niƙa ta, a zuba a buhu mai suna da awo, wannan ba ya buƙatar tanderun da ba a kashewa. Ruwa yake so da injin niƙa da wutar sola, in rana ta faɗi a kashe a tafi gida, gobe a tashi babu abin da ya lalace. Wanda ya sayar da tatacciya ya fi wanda ya sayar da ɗanya samu. Daga nan ana iya shiga alli da farin fenti na gini, makarantun firamaren ƙananan hukumomin nan uku kaɗai kasuwa ce.

Nan ne zan dawo kan ma'aikatan Faransa. Su ba su tsaya jiran wani ya zo ya cece su ba, sun haɗa kai sun yi rajista sun shiga da takardunsu. Dokar ƙasarmu ma ta yarda ƙananan masu haƙa su kafa ƙungiyar gama-kai su nemi lasisin ƙaramin haƙa da sunansu. Muddin kowa na haƙa shi kaɗai, dillali ne zai yanka farashi. Saboda haka ga abin da nake roƙo kafin mu watse. Kowace mazaɓa ta ba sakatare sunan mutum biyu. Aikinsu na farko su rubuto mana masu haƙa nawa ne a yankinsu, buhu nawa ake fitarwa a mako, nawa ake saye a bakin rami. A cikinmu akwai masu difiloma da digiri a kimiyya da injiniya da lissafin kuɗi da ke zaune a gida, su ne za su tsara takardar. Ni da mutum uku za mu je Zariya mu nemi malaman da suka yi bincike a kan ƙasar nan su gaya mana wace iri ce ta fi daraja da kuma injin da ya dace. Bayan wata biyu mu sake haɗuwa, kowa ya zo da abin da ya samo, sannan mu ɗauki takardar mu kai wa shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarmu da ma'aikatar da abin ya shafa a Katsina.

Iyayena dattawa, ku yi haƙuri in harshena ya yi kaifi. Ku kun ga lokacin da jiniyar masaƙa ke tashin Kaduna da asuba, mu labari kawai muka tarar. Muna neman ku sa mana albarka, ku kuma buɗe mana ƙofofin da ƙafarmu ba ta kaiwa. Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa sanin abin da ake ji in yaro ya wuni a gida ba shi da inda za shi, don haka muna son wakilanku a cikin kwamitin nan.

Wanda ya karanta wannan a shafinmu kuma yana da masaniya a kan aikin farar ƙasa ko tangaran, ko ya taɓa aiki a masana'antar Ƙanƙara, don Allah ya nemi shugaban matasan mazaɓarshi. Muna buƙatar abin da ya sani.

Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya ba matasanmu abin yi na halal.